Ɗa Na Kowa Ne? Yadda Hukuma Ta Shiga Tsakanin Iyaye da 'Ya'yansu a Ingila, 1804 zuwa 1989

Gabatarwa

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Abin nufi, duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya wajibi ne ya kama hannunsa, ko ya san ubansa ko bai sani ba. Sai dai maganar tana da ƙaya a cikinta. Idan ɗa na kowa ne, wa ke da ta cewa ranar da aure ya mutu, uwa na jan hannun yaro ta nan, uba na ja ta can? Wa kuma ya isa ya shiga gidan mutum ya ɗauke masa ɗa da sunan ceto?

Ƙasar Ingila ta shafe kusan shekara ɗari biyu tana kai-kawo a kan waɗannan tambayoyi, kuma tarihinta ya shafe mu, domin daga can aka ɗebo yawancin dokokin yara da kotunan zamani na Nijeriya suka gada. Wanda ya bi sawun wannan tarihi zai ga abu guda yana ta maimaita kansa: duk lokacin da aka damƙa yaro ga wanda ba a iya tuhuma, uba ne shi ko hukuma, yaron ne ke kwana a ciki.

Zamanin da uba ke da wuƙa da nama

A farkon ƙarni na 19, dokar Ingila ba ta ɗauki matar aure a matsayin mai zaman kanta ba. Dukiyarta ta mijinta ce, abin da ta samu da guminta nasa ne, 'ya'yan da ta haifa ma nasa ne shi kaɗai. A shekarar 1804 wani Bafaranshe mazaunin Ingila mai suna De Manneville, wanda matarsa ta yi yaji saboda gallazawa, ya bi ta ya ƙwace jaririyarsu 'yar wata takwas da ke shan nono. Matar ta kai ƙara, amma kotu ta ce uba ne mai haƙƙin riƙon 'yarsa, aka sallami uwar hannu rabbana.

Akwai wata babbar kotu mai suna Chancery wadda ke aiki a madadin sarki, a bisa tunanin cewa sarki uba ne ga duk wanda ba ya iya kare kansa. Ita ce kaɗai ke iya taka wa uba birki, kuma ba kasafai take yi ba. Hankalinta ya fi karkata ga yaran da ke da gadon da za a tsare. Idan kuwa ta tsoma baki, sau da yawa aƙidar uban ce ta dame ta. A 1817 alƙali Lord Eldon ya hana mawaƙin nan Percy Shelley riƙon 'ya'yansa biyu bayan rasuwar mahaifiyarsu, saboda ra'ayoyinsa game da addini da aure, aka damƙa su ga masu riƙo. Ke nan uban da ya fizge jaririya daga nono ya tsira da ita, wanda ya saɓa wa aƙidar jama'a kuwa ya rasa nasa.

Matar da ta buɗe wa kotu ƙofa

Wadda ta fara girgiza wannan tsari marubuciya ce mai suna Caroline Norton. An haife ta a 1808, ta auri wani lauya kuma ɗan majalisa, George Norton, a 1827, suka haifi 'ya'ya maza uku. Auren bai yi daɗi ba, domin mijin yana dukanta. A 1836 ya kwashe yaran ya kai su gidan danginsa, ya rufe mata ƙofar gida. Daga nan ya maka Firaminista Lord Melbourne a kotu, yana zarginsa da neman matarsa. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su ɓata lokaci ba suka yi watsi da ƙarar. An wanke Caroline ke nan, amma wankewar ba ta dawo mata da ko ɗa ɗaya ba. Ba ta da ikon yin magana a shari'ar da aka ci mutuncinta a ciki, ba ta da hanyar neman saki, kuma kuɗin littattafanta ma doka ta ce na mijin ne.

Alƙalami kaɗai ya rage mata, shi ta ɗauka. Ta riƙa wallafa ƙasidu tana bayyana halin da uwaye ke ciki, ta kuma sami goyon bayan wani ɗan majalisa, Thomas Talfourd. Da farko majalisar dattawan ƙasar ta yi fatali da ƙudirin, amma a 1839 ya zama doka. Dokar ta ba uwa damar roƙon kotu ta ba ta riƙon yaran da ba su kai shekara bakwai ba, da izinin ganin waɗanda suka wuce haka, muddin ba a same ta da laifin cin amanar aure ba.

Ita Caroline ba ta ci moriyar wahalarta ba. Mijin ya riga ya tura yaran Sikotland, inda dokar ba ta aiki. A 1842 autanta William ya faɗo daga kan doki, raunin ya rikiɗe, kafin ta iso ya cika. Sai bayan wannan rashi ne mijin ya sassauta mata ganin sauran biyun.

Duk da ƙanƙantarta, dokar 1839 ta kafa wani sabon abu: alƙali na iya zama tsakanin miji da mata ya duba inda ya fi dacewa da yaro. A 1873 aka ɗaga shekarun zuwa goma sha shida. Amma tsohon tunani bai mutu da wuri ba. A shari'ar Agar-Ellis ta 1883, wani uba da ya saɓa da matarsa kan ɗariƙar da za a tarbiyyantar da 'ya'yansu a kai ya hana 'yarsa mai shekara goma sha shida yin hutu wurin mahaifiyarta ko rubuta mata wasiƙa ba da saninsa ba, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta goya masa baya. Sai a 1925 doka ta fito fili ta ce maslahar yaro ce abin da kotu za ta sa a gaba da komai idan iyaye suka yi jayayya. Cikakken daidaito tsakanin uwa da uba kuwa bai samu ba sai 1973.

An kare dabba kafin yaro

Rikicin miji da mata ɓangare ɗaya ne. Ɗaya ɓangaren shi ne yaron da iyayen nasa ne ke cutar da shi. A nan Ingila ta yi wani abin mamaki. Tun a 1822 ta yi dokar hana zaluntar dawaki da shanu da tumaki, kuma a 1824 aka kafa ƙungiyar kare dabbobi. Yaro kuwa sai da ya jira shekara 67 kafin a yi masa irin wannan gata. Dalili shi ne an ɗauki gidan mutum a matsayin wurin da ko sarki ba ya shiga sai da sallama. Ko Lord Shaftesbury, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen fitar da yara daga masana'antu da ramukan haƙar kwal, da aka tuntuɓe shi a 1881 cewa ya yi abin da ke faruwa a cikin gida ya yi wa doka nisa.

Amma ra'ayi ya juya da sauri. A 1884 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara a Landan, shi Shaftesbury ɗin ne ma ya zama shugabanta na farko, wani malamin coci mai suna Benjamin Waugh kuma ya zama ƙashin bayanta. A 1889 majalisa ta yi dokar da ta mai da gallaza wa yaro ko yin sakaci da shi laifi. Ta ba ɗan sanda ikon shiga gida da takardar izinin alƙali, ta kuma ba kotu ikon karɓe yaro daga hannun uban da aka samu da laifi a miƙa shi ga dangi ko wani amintacce. Babu mai musun cewa wannan doka ta ceci rayuka. Abin lura a cikinta shi ne ta bi ta hannun alƙali: sai an kawo hujja, an saurari wanda ake zargi.

'Ya'yan talakawa da wata ƙofa ta bayan gida

A wannan shekara ta 1889 aka buɗe wata ƙofar da ba ta bi ta gaban alƙali ba, kuma talaka kaɗai ta shafa. Tun daga dokar gajiyayyu ta 1834, iyalin da talauci ya kayar sai su shiga gidajen aiki na hukuma, inda ake ware miji daban, mata daban, yara daban. Sabuwar dokar ta ba kwamitin da ke kula da gajiyayyu ikon ya zauna shi kaɗai ya zartar cewa haƙƙin iyaye a kan yaron da aka yasar ya koma hannunsa. A 1899 aka faɗaɗa ikon ya haɗa da iyayen da kwamitin ya ga ba su cancanta ba. Idan uwa ba ta yarda ba, ita ce za ta nemi kotu daga baya. Mai kuɗi sai an kai shi gaban alƙali kafin a taɓa ɗansa, talaka kuwa sai an ɗauke ɗan sannan ya fara neman alƙali.

Ƙungiyoyin agaji ma sun shiga ta wannan ƙofa. Thomas Barnardo, wanda ya buɗe gidan marayunsa na farko a gabashin Landan a 1870, ya tsamo dubban yara daga kwana a titi, kuma wannan alheri ne da tarihi ba zai manta ba. Amma bai ɓoye cewa yakan ɗauke yara daga iyayen da ya ga ba su dace ba, ya kuma sha gurfana a kotu saboda iyayen da ke neman 'ya'yansu. A 1891 majalisa ta yi dokar da ta ba kotu damar ƙin mayar da yaro ga iyayen da aka ce sun yi watsi da shi, abin da ya ƙara wa irin waɗannan gidaje ƙarfi.

Mafi munin abin da ya biyo baya shi ne jigilar yara zuwa ƙetare. Daga 1869 zuwa shekarun 1930 an tura yara fiye da 100,000 zuwa Kanada, mafi yawansu aikin gona da aikatau suka tarar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ci gaba da tura wasu dubbai, musamman zuwa Ostiraliya, har zuwa wajen 1970. Da yawa an gaya musu iyayensu sun mutu alhali suna raye, iyayen kuma ba a faɗa musu inda aka kai 'ya'yansu ba. Wasu sun gamu da duka da lalata a gidajen da aka ajiye su. Asirin bai tonu sosai ba sai a 1986, lokacin da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Nottingham, Margaret Humphreys, ta fara bin diddigin lamarin. A watan Fabrairun 2010 Firaminista Gordon Brown ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar waɗannan mutane, da yawansu sun riga sun tsufa ba su sake ganin uwayensu ba.

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi

Hukumar da ta karɓi yaro saboda iyayensa sun gaza, ita ma tana iya gazawa. A watan Janairun 1945 wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, Dennis O'Neill, ya mutu a wata gona da ke lungu a yankin Shropshire. An raba shi da iyayensa saboda sakaci, ƙaramar hukuma ta ba wani manomi riƙonsa, manomin kuma ya kashe shi da yunwa da duka. Wannan mutuwa ta tayar da hankalin ƙasa, ta kai ga dokar 1948 wadda ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma kafa sashen kula da yara, ta kuma umarce su da ƙoƙarin mayar da yaro gidansu idan hali ya yi. Amma ta bar musu tsohon ikon nan na karɓe haƙƙin iyaye ba tare da zuwa kotu ba.

Shekara ashirin da takwas bayan haka aka ga kishiyar wannan. Maria Colwell ta tashi tun tana jaririya a hannun gwaggonta. A 1971 aka mayar da ita wurin mahaifiyarta duk da yarinyar ta nuna ba ta so. Maƙwabta da malaman makaranta sun yi ta kai kuka, ba a ɗauki mataki ba. A watan Janairun 1973 mijin uwarta ya kashe ta da duka a garin Brighton, tana da shekara bakwai. Jaridu suka yi ca a kan ma'aikata, suna cewa an fifita dangantakar jini a kan ran yarinya. Tun daga nan tsoro ya shiga zukatan ma'aikatan: wanda ya bar yaro a gida ya mutu, sunansa zai fito a jarida, wanda ya ɗauke yaro bisa kuskure kuwa ba mai jin labari. Yawan yaran da ake ɗaukewa cikin gaggawa ya ƙaru.

Ana gudun gara, sai aka faɗa gidan zago. A 1987, cikin 'yan watanni, likitocin yara biyu a wani asibitin Middlesbrough da ke yankin Cleveland suka ce sun ga alamun lalata a jikin yara 121, bisa wata hanyar gwaji da likitoci da kansu suka yi saɓani a kanta. A lokacin, ma'aikaci na iya samun takardar ɗauke yaro har na kwana 28 daga alƙali guda, ba tare da iyayen sun sani ba balle su kare kansu. Ɗakunan asibiti suka cika da yara, 'yan sanda da likitoci suka daina ga maciji, iyaye suka rasa inda za su kai kuka. Daga baya aka mayar da mafi yawan yaran gida. Kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Elizabeth Butler-Sloss, a rahotonsa na 1988, bai ce babu yaran da aka cutar ba. Abin da ya soka shi ne gaggawa, da dogaro da hujja guda, da rashin sauraron iyaye da su kansu yaran. A 1987 ɗin dai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta sami Birtaniya da laifi a wasu ƙararraki, saboda yanke wa iyaye hulɗa da 'ya'yansu ba tare da ba su hanyar ƙalubalantar hukuncin ba.

Dokar 1989

Daga waɗannan raunuka biyu aka haifi Dokar Yara ta 1989, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a watan Oktoban 1991. Ta daina maganar ikon iyaye a kan ɗa, ta koma maganar nauyin da ke wuyansu, nauyin da ba ya sauka don aure ya mutu. Ta soke ikon nan mai shekara ɗari na karɓe yaro a zaman kwamiti, ta ce kotu kaɗai ke iya yi, kuma sai an tabbatar yaron na fuskantar cutarwa mai tsanani ko yana gab da fuskanta. Ta rage wa'adin ɗaukewar gaggawa zuwa kwana takwas, da damar ƙarin bakwai. Ta umarci alƙali ya ji ta bakin yaro, kada kuma ya ba da wani umarni sai in bayarwar ta fi bari amfani. Ta kuma ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tallafa wa iyalin da ke cikin ƙunci tun kafin abu ya lalace.

Dokar ba ta kawo ƙarshen baƙin ciki ba. A watan Fabrairun 2000 Victoria Climbié, 'yar shekara takwas daga Kwaddibuwa, wadda iyayenta suka ba wata 'yar'uwa riƙonta don ta sami ilimi a Turai, ta mutu a Landan sakamakon azabtarwa, bayan ta bi ta hannun asibitoci da 'yan sanda da ma'aikata ba wanda ya cece ta. Doka tana nuna wanda zai yanke hukunci da yadda zai yanke, amma ba ta sa wa ma'aikaci ido ko kunne.

Inda zancen ya iso gida

A ƙasar Hausa batun yana da tushe biyu. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid tun ƙarni na 10, ya ba uwa renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, sannan kakar wajen uwa ta biyo baya, uba kuma na ɗauke da ciyarwa da walicci. Abin da Caroline Norton ta yi ta fafutuka a kai bai kai rabin wannan ba. Duk da haka kowa ya san yadda al'ada kan rinjayi littafi: sau da yawa da an yaye yaro uba ke aikowa a ɗauke shi, uwar kuma ta haƙura don ba ta san haƙƙinta ba ko tana jin nauyin zuwa gaban alƙali.

Tushe na biyu shi ne dokokin da Turawa suka kawo, tun daga dokar yara ta 1943 a Legas da takwararta ta Jihar Arewa a 1958. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta yi tata dokar a 2003, amma wasu jihohin Arewa sai da suka shafe kusan shekara ashirin kafin su karɓe ta, saboda fargabar hukuma za ta shiga hurumin iyaye da addini. Tarihin Ingila ya nuna wannan fargaba tana da dalili. Ya kuma nuna akwai yaran da ba su da mai ceto sai hukuma. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300, ciki har da yara, wasu a cikin mari, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyaran hali. Bayan 'yan watanni, a lokacin annobar korona ta 2020, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, ba tare da wani alƙali ya duba halin kowane yaro ba.

Kammalawa

Ingila ta gwada barin yaro ga uba shi kaɗai, ta ga jaririyar De Manneville da 'ya'yan Caroline Norton. Ta gwada sakar wa hukuma da masu agaji mara, ta ga jiragen ruwa cike da yara da abin da ya faru a Cleveland. Abin da ta tsaya a kai bayan shekara 185 ba shi da ado: gidan iyaye ne mazaunin yaro na asali, kuma duk mai son raba shi da uwarsa ko ubansa, miji ne ko gwamnati, sai ya tsaya gaban alƙali da hujja, a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, a ji ta bakin yaron, talauci kaɗai kuma ba ya zama hujja.

Jihohinmu da suka sa hannu a dokar kare yara yanzu ne suke shiga wannan hanya. Abin da zai nuna ko sun ɗauki darasi shi ne ko bazawarar ƙauye za ta iya isa kotu ta karɓi renon da shari'a ta ba ta, da kuma ko uban da aka ɗauke wa ɗa zai sami alƙalin da zai saurare shi cikin kwanaki kaɗan. Ɗa na kowa ne wajen tsaro da kulawa, amma raba shi da iyayensa hukunci ne, kuma hukunci ba ya inganta sai an ji ta bakin kowa.